Ranar da Malaki Ya Yi wa Kawunsa Burga

Malaki bai fara karta don neman abinci ba. A cikin motar dakon kaya ya fara, shi da ɗan baffansa Ueli, lokacin da suke kwasar kujeru da firij na masu sauya gida a yammacin Sydney. Aikin nan jira ya fi ɗauka yawa. Ku iso ƙofar gida, mai gidan ya ce ya manta makulli a wurin matarsa, to sai zama. Ueli yakan rufe fuska da hula ya yi barcinsa. Malaki kuwa sai ya ciro waya ya shiga kartar foka, irin wadda ake yi da kuɗin wasa, kuɗin da ko biredi ba ya saye.

"Attajiri, yau me muka samu?" Ueli yakan tambaya daga ƙarƙashin hula.

"Na kusa sayen motar nan."

"Madalla. In ka saya ka gyara mana birki."

Malaki ƙato ne, kafaɗunsa sun kusa cika ƙofa, amma muryarsa sai ka matso kusa za ka ji ta. Renon gidan Samoa aka yi masa, na gaske. Ba ya kallon babba cikin ido. In zai gifta ta gaban manya sai ya sunkuya ya ce tulou, wato gafara dai a harshensu. Ba ya yi wa babba magana yana tsaye, shi babban yana zaune. Ranar Lahadi bayan coci shi ke kai wa dattawa ruwan wanke hannu da gwaza da kifi, ba ya sa loma a baki sai sun ƙoshi. Ba dole ake yi masa ba. Haka jikinsa ya saba, kamar yadda ya saba da numfashi.

To, a cikin waya babu dattawa. Babu fuska ma. Wani hoton kyanwa ne, wani hoton babur, wani kuma suna ne kawai da lambobi. A nan sai wani Malaki dabam ya fito, wanda ba ya jin kunyar kowa. Ya gane da wuri cewa wasan ba na mai sa'ar kati ba ne. Kowa kati biyu ake ba shi a rufe, a jera biyar a tsakiya bi da bi, kowa ya haɗa da nasa. Amma sau da yawa ba a kai ga buɗe kati. Wanda ya iya tsorata sauran har suka yar da nasu, shi ke kwashewa. Malaki ya iya haƙuri, ya iya lura da wa ke tsoro da wa ke cika baki, kuma in ya ga lago ba ya ɗaga ƙafa.

Sannu a hankali ya bar kuɗin wasa ya koma na gaske, kaɗan-kaɗan. Ya sayi tsohuwar kwamfuta ya kafa a garejin gidansu da ke Minto, tsakanin injin yanke ciyawa da tabarmin da Inna ke ajiyewa don biki da makoki. Karatu bai taɓa zama masa a kai ba a makaranta, amma wannan ya zauna. Yakan sake duba hannun da ya sha kashi a kai, ya juya shi ta nan, ya juya ta can, har ya ga inda ya yi kure. Ya rage ranakun dako. Daga baya ya ce wa Ueli ya ajiye gaba ɗaya.

Inna ba ta so ba. Ta kai maganar gaban Allah, ta kai gaban matar fasto, ta dawo ta zuba masa ido. Da ta ga ba ya sha, ba ya fashin coci, kuma in hidimar dangi ta tashi shi ke fara miƙa nasa, sai ta yi shiru. Ba wai ta yarda ba ne. Shiru dai ta yi.

Ana cikin haka doka ta sauya, manyan shafukan foka suka rufe wa mutanen Ostareliya ƙofa. Malaki ya wayi gari da sana'a a hannu, babu wurin yin ta. Abin da ya rage shi ne tebur na gaske, da kujeru na gaske, da mutane masu idanu.

"Kujerarka tana nan a mota," in ji Ueli. "Zan riƙe maka ita har ka je babbar gasar nan ta cikin gari da kake ta magana. In ka dawo da kunya, ka zo mu ɗauki firij. In ba ka zo ba, na sa wani. Bayana ya gaji da ɗaukar rabonka."

A nan ne Kawu Setefano ya shigo maganar. Yayan Inna ne, tsohon direban bas, kuma shi ke riƙe da sarautar dangi. In an yi mutuwa ko aure, shi ke miƙewa ya yi magana da yawun kowa. Amma duk dangi sun san cewa tun kafin a haifi Malaki yake buga karta a kulob-kulob na unguwa, da rigarsa mai furanni da tabarau rataye a wuya. Shi ya ja Malaki zuwa teburin farko. Ya koya masa yadda ake dafe kati kada mai rabon kati ya kwashe, da yadda ake tura kwabban robar nan da ake zubi da su a tashi ɗaya, ba ɗiba-ɗiba ba. Ranar farko manyan yatsun Malaki suka rushe tulin kwabbansa har ƙarƙashin tebur.

"A hankali, ba katifa kake ɗauka ba," in ji Kawu.

Ya koya. Ya fara ci. Sai dai abu guda: duk kulob ɗin da suka je, Kawu teburinsa dabam. In ya tashi da wuri yakan ja Malaki ya ce zo ka ga yadda manya ke yi, Malaki ya tsaya bayansa yana kallo. Amma ba su taɓa zama gaba da gaba ba, kuma babu wanda ya yi tunanin hakan wani abu ne.

Gasar cikin gari ta tara ɗaruruwan mutane a wani katafaren ɗaki da ke kallon ruwa. Duk wanda kwabbansa suka ƙare ya tashi ke nan, har a rage mutum ɗaya. Su biyun suka tsallake ranar farko. Rana ta biyu da la'asar mutane sun ragu, ana ta haɗe tebura, sai ga Kawu Setefano tafe da kwabbansa a faranti, yana neman lambar kujera. Ya zauna daidai gaban Malaki.

Malaki ya yi zumbur zai miƙe ya gyara masa kujera.

"Zauna, kai," in ji Kawu. Ya dubi sauran. "Jama'a, sannunku. Ku yi mini a hankali, tsoho ne ni, ido ba ya gani sosai."

"Irinku ne ke kwashe mu ai," in ji wani siririn mutum a gefen Malaki. Fadi sunansa, ɗan unguwar Bankstown, ya daɗe yana cin abinci da karta kuma bakinsa ba ya hutawa.

Ba a jima ba hannun ya zo. Aka ba Malaki as, katin da ya fi kowane girma, da goma, duka masu alamar zuciya. Kawu ya zuba, Malaki ya bi, sauran suka yar. Aka jera katunan tsakiya, zuciya ta fito, ta sake fitowa, a kati na ƙarshe ta uku ta faɗo. Malaki ya duba ya sake dubawa. Zuciya biyar, da as a sama. Babu wani hannu a duniya da zai doke nasa a wannan jerin.

Kawu ya ƙwanƙwasa tebur da yatsa, alamar ya wuce bai zuba ba. Saura Malaki, shi ne na ƙarshe. Da hoton kyanwa ne a gabansa, da tuni ya tura abin da zai sa ta kuka. Amma furfurar Kawu ce a gabansa, da hannun da ya riƙe shi ranar da aka binne mahaifinsa. Bai ma yi dogon tunani ba. Yatsansa ne ya ƙwanƙwasa teburin da kansa.

Kawu ya buɗe sarki biyu. Malaki ya buɗe nasa a hankali, kansa a ƙasa, kamar mai ba da haƙuri. Mai rabo ya turo masa ɗan abin da ke tsakiya.

"Tsaya, tsaya, tsaya," in ji Fadi. Ya ɗaga hannu sama. "A kira mana shugaba. Me na gani yanzu?"

Shugabar ɗakin ta iso, wata mace mai gajeren gashi da rediyo a kugu, Narelle. Mai rabo ya mayar mata da yadda aka yi. Ta dubi katunan, ta dubi Malaki.

"Ka san babu mai doke hannun nan?"

"Na sani, ranki ya daɗe."

"Kai ne na ƙarshe, kuma ba ka zuba ba. Me ya sa?"

Malaki bai miƙe ba, bai kuma ɗago ido ba, don a wurinsa haka ake yi wa mai iko magana. Su kuwa abin da suka gani shi ne ƙato ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da hannu a aljihun wani.

"Kawuna ne," ya ce.

Teburin ya ɗauki guna-guni. Fadi ya buga cinya.

"Kun ji ko! Da bakinsa! Mu muna nan muna yanka juna, su suna renon juna. Malam, in zumunci kuka zo yi ku tafi gida ku dafa shayi."

"Ba haɗa baki muka yi ba," in ji Malaki. "Wallahi bai san me ke hannuna ba. Kawai dai... ba zan iya ba ne."

Narelle ba ta ɗaga murya ba. Ta ce masa a gasa, duk wanda ka ɗaga wa ƙafa, sauran mutanen ɗakin ka cuta, domin kowa jira yake wani ya fita shi ya matsa gaba. Ta ce zai bar tebur har rabo ya zagayo, kwabbansa na raguwa yana kallo.

"Wannan na farko ne, shi ya sa," ta ce. "In na sake gani, ka fita daga gasar. Kuma ɗakunan karta na ƙasar nan ba su da yawa, duk muna magana da juna. Ka gane?"

Ya gane. In sunansa ya fita a matsayin mai haɗa baki, babu teburin da zai sake karɓarsa daga nan har Perth, can ɗaya ƙarshen ƙasar. Ya tashi ya koma bayan igiya ya tsaya. Duk wannan abin Kawu na zaune abinsa. Katinsa kawai yake kallo.

Hukuncin na ƙarewa aka ba da hutu. Malaki ya sami Kawu a waje kan benci, yana fuskantar ruwa, yana cin fanken nama daga takarda, tsuntsayen teku sun kewaye shi suna jira. Malaki ya durƙusa a gabansa.

"Kawu, ka yi haƙuri. Na jawo maka magana."

Kawu ya gama taunawa tukuna.

"Malaki, bara na zo yi nan?"

"A'a, Kawu."

"Ka ga na shigo da sanda? Ko an turo ni a keke?"

"A'a."

"To me na yi maka da za ka tsiraita ni gaban mutane? Tun uwarka na 'yan mata nake zama teburin nan. An cinye ni, na cinye mutane, na koma gida a ƙasa don babu kuɗin jirgi. Ba wanda ya taɓa jin tausayina sai yau. Ɗan ƙanwata." Ya jefa wa tsuntsayen ɓawon fanken. "Wancan mai bakin, Fadi, ya fi ka girmama ni. Shi so yake ya kwashe ni tas."

"Kawu, ai kai ka rene ni. Yaya zan yi in..."

"A gida, in na shigo, ka sunkuya. In ba ka sunkuya ba na ci mutuncinka. Ka kawo mini ruwa, ka jira in ƙoshi. Wannan haƙƙina ne, ba na yafe shi. Amma nan na biya kuɗin kujera kamar kowa, don a yi da ni. Ka gane bambancin?"

Kawu ya ci gaba.

"Ka ce wannan ce sana'arka. Ka sa uwarka ta daina barci saboda ita. To duba ɗakin can da kyau, rabinsu masu furfura ne. Yau ni ne, gobe wani tsoho ne mai kama da fasto, jibi wata mai kama da Innarka. Duk za ka bar musu? In haka ne kira Ueli yanzu, ga wayata, kada ka ɓata wa kanka lokaci."

Ya miƙa wayar da gaske. Malaki ya dube ta, bai karɓa ba.

"Tashi, gwiwarka za ta yi datti," in ji Kawu. "Kuma ka sani, ni ba zan bar maka ko kwabo ba. Wancan hannun ma da na san ina gaba da na yashe ka."

Suka koma. Narelle ta zo ta tsaya nesa kaɗan da teburin, hannu a baya, kamar dai wucewa take. Fadi na ta yi wa na kusa da shi raɗa mai ƙarfi. "A kula, gidan marayu ya buɗe."

Malaki ya bar maganar ta wuce. Ya ci ƙananan hannaye, ya yar da da yawa. Ya lura duk lokacin da Kawu ya zuba, idanun teburin kansa suke juyowa.

Can sai Kawu ya zuba, aka zagayo kan Malaki da takwas da tara, baƙaƙe iri ɗaya. Ya bi. Katunan farko uku suka ba shi fata, saura kati ɗaya ya haɗa jerin lambobi biyar a bi da bi. Kawu ya zuba da ƙarfi, ya bi. Na huɗu bai kawo komai ba. Kawu ya ƙwanƙwasa, shi ma ya ƙwanƙwasa. Na biyar ya faɗo, as. Fatan Malaki ya mutu. Ba shi da komai, ko biyu masu kama babu.

Kawu ya ɗan yi jim, ya tura zubi ƙarami.

Yar da katin shi ne abu mafi sauƙi. Ba wanda zai zarge shi, ba wanda ma zai san me ya yar. Ko Narelle ta duba, za ta ce daidai ya yi. Hannunsa har ya kai kan katin.

Amma Malakin gareji ya riga ya gama karanta labarin. Ya sha tsayawa bayan Kawu a kulob, ya san wannan ƙaramin zubin. Kawu na yin sa ne in yana da hannu mai kyau amma wani kati ya tsorata shi, yana so a buɗe da arha. As ɗin nan bai yi masa daɗi ba. Kuma akwai wani abin da Malaki ya sani: duk duniya babu wanda Kawu ya yarda ba zai yi masa ƙarya ba kamar shi.

Ya janye hannu daga kan katin. Ya haɗa tulin kwabbansa da tafuka biyu, ya tura su gaba a tashi ɗaya.

"Duka," ya ce.

Fadi ya daina magana a tsakiyar kalma. In Kawu ya bi, Malaki ya fita daga gasar, sai mota da firij.

Kawu ya ɗauki tabarau ya sa. Ya dubi katunan tsakiya, ya leƙa nasa, ya jingina da kujera.

"Kai, yaro."

"Na'am, Kawu."

"Fushi ka yi don na yi maka faɗa?"

Malaki ya zuba wa tebur ido.

"Ɗago ka dube ni."

Wuyansa ya yi nauyi kamar an ɗora masa injin wanki. Ya ɗago. Bai taɓa sanin cewa idon Kawu na hagu ya fara fari-fari a gefe ba, sai yau. Ya bar idonsa a nan. Bai yi murmushi ba, bai haɗiye yawu ba. 

"As gare ka," in ji Kawu a hankali. "Ko ka haɗa biyu da shi. Ka zauna kana jirana kamar kada." Ya juya ga Fadi. "Ka ga yaron nan? Tun yana rarrafe bai taɓa yi mini ƙarya ba. Ya taɓa fasa mini gilashin mota da ƙwallo, babu wanda ya gani, ya zo da kansa yana kuka ya faɗa."

"Baba, ni dai ba ruwana," in ji Fadi. "Kada a sake kiran shugaba."

Kawu ya daɗe. Ya ɗauki kwabbai ya ajiye, ya sake ɗauka. Daga ƙarshe ya yi tsaki, ya jefa katinsa a buɗe: sarauniya biyu.

"Ɗauka. Na bar maka don na san ka."

Mai rabo ya turo wa Malaki tulin. Malaki ya miƙa katinsa a rufe zai mayar.

"A'a," in ji Kawu. "Nuna mini as ɗin, in ji sanyi."

"Kawu..."

"Ni na ce ka nuna."

Malaki ya juya su. Takwas da tara. Babu komai.

 Wata mata a kujerar ƙarshe ta rufe baki da hannu. Kawu ya sunkuyo ya dubi katin ta cikin tabarau, ya cire tabarau ya sake duba. Sai ya daki tebur da tafi har kwabban mutane suka yi tsalle, ya fashe da wata irin dariya da ta sa tebura uku suka waiwayo.

"Kun gani? Kun gani, jama'a? Ido cikin ido! Ɗan ƙanwata ne wannan! Ni na koya masa riƙe kati!"

"Tabɗi," in ji Fadi. Ya dubi Malaki sama da ƙasa kamar yanzu ya fara ganinsa. "Wanda ya yi wa kawunsa haka, ni me zai yi mini? Abokina, na janye maganata. Don Allah a sauya mini tebur."

Narelle ta ce wa Kawu ya daina dukan kayan mutane. Da za ta wuce ta bayan Malaki, ta ɗan dafa kujerarsa, ta tafi abinta wani teburin.

Kawu bai daɗe ba bayan nan, matar kujerar ƙarshe ce ta fitar da shi. Ya bi kowa ya ba shi hannu, ya koma bayan igiya ya kafa kansa, duk wanda ya tsaya kusa sai ya ji labarin takwas da tara. Washegari ma ya dawo da sabuwar riga. Malaki ya kai teburin ƙarshe, ya fitar da Fadi da hannunsa, ya ƙare na uku. Bai ɗauki kofi ba, amma da ya je karɓar rabonsa Fadi na jiransa a bakin ƙofa, yana tambaya ko zai je gasar Melbourne, su raba kuɗin ɗaki.

A jirgin ƙasa na komawa Minto, Kawu ya ciro waya ya kira Inna, ya sa ta a lasifika duk taragon na ji.

"Sieni! Kina zaune? Ɗanki ya yi mini ƙarya."

"Wane ɗan? Malaki?"

"Shi fa. Ya dube ni tsakiyar ido, gaban mutane, ya shirga mini ita, ni kuma na haɗiye har da miya."

"Yesu! Yaya, ka yi haƙuri. Ba ni shi. Malaki! Kana jina? Abin da kartar ta koya maka ke nan?"

"Inna, ba haka ba ne, wasan ne..."

"Ka durƙusa ka ba kawunka haƙuri yanzun nan."

"In ya ba ni haƙuri sai na mare shi," in ji Kawu. "Ke ba ki gane ba. Yaron nan gwani ne. Na zauna da 'yan karta iri-iri, na san gwani in na gan shi. Ki gaya wa Ueli ya nemi wani mai ɗaukar firij, wannan ya yi gaba."

 Wani saurayi a kujerar gaba ya cire abin kunnensa yana saurare.

"Yaya, da gaske kake?" ta ce. "Ya iya?"

"Ya fi ni. Kuma kin san ban taɓa faɗin haka a kan kowa ba."

Suka ji ta ja numfashi.

"To," ta ce. "Ku biya ta shago ku sayo madarar kwakwa, gwangwani biyu. Kuma kada ku tsaya ko'ina, Yaya, na san halinka."